Daga Landan zuwa Sutton Hoo: Neman Taskar da Za Ta Raya Wasa

A cikin watan Mayu na kama hanya daga Landan zuwa gabashin Ingila tare da ɗan ƙanwata, kuma dalilin tafiyar wasa ne. Ni ne jagoran wani rukuni da ke zama a kewayen tebur ana buga wasan jarumai, irin wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 da sunan Dungeons & Dragons. Ba caca ba ce, domin babu mai zuba kuɗi. Jagora yana ba da labarin wata duniya ta almara, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, ana jefa ƙwaya irin ta ludo domin a san ko abin da jarumin ya yunƙuro zai yi ya yiwu. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun taska. Jarumai su sha wuya, su ga bayan dodo, su buɗe akwati, sai jagora ya ce sun sami tsabar zinariya 500, kowa ya rubuta lamba a takardarsa a wuce, kafin mako ya zagayo babu wanda zai tuna inda aka same ta. Na ƙudurta in je in ga yadda taska ta gaskiya take, da idona.

Mun fara da Gidan Tarihi na Birtaniya, ɗaki na 41, inda aka ajiye kayan da aka haƙo a 1939 a Sutton Hoo, wata tsohuwar makabarta a gabashin Ingila. Kabari ne na wani babban mutum da aka binne a cikin jirgin ruwa a farkon ƙarni na 7, kuma masana da yawa suna kyautata zaton Raedwald ne, sarkin Gabashin Angiliya. Jama'a sun fi cunkushewa a gaban kwalkwalin yaƙi mai fuskar mutum, wanda aka samu a farfashe, aka harhaɗa shi bayan yaƙin duniya na biyu, sannan aka wargaza aka sake haɗawa a 1970 zuwa 1971 da aka gane haɗin farko bai yi daidai ba. Tun a nan na sami abu na farko da zan kai tebur: taska tana iya zuwa a gutsure, ta yadda sai jarumai sun nemi maƙerin da ya san aikin, kuma yana yiwuwa maƙerin farko ya ɓata musu ita.

Ni kuwa lalitar ce ta fi tsayar da ni. A cikinta an sami tsabar zinariya 37 daga ƙasar Farankawa, wato yankin Faransa ta yau, kuma kowace ɗaya daga gidan buga kuɗi daban ta fito, babu biyu da suka yi tarayya. Tare da su akwai wasu 3 da ba a buga musu komai ba, da ƙananan curin zinariya 2. Da alama wani ne ya zauna ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, da wata manufa a ransa. Akwai masanin da ya kawo shawarar cewa guda 40 ɗin ladan matuƙa 40 ne, curi biyun kuma na masu riƙe da akalar jirgin, amma wasu ba su yarda ba, kuma har yau ana muhawara. Yaron ya daɗe da goshinsa kusa da gilashi, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, da mu ka ba wannan a wasa, ai ba za mu kashe ko ɗaya ba sai mun gano wanda ya tara su." Gaskiya ya faɗa. Tsaba 37 masu tambaya a bayansu sun fi dubu goma marasa tarihi riƙe hankalin ɗan wasa, kuma ba su ƙara wa jagora aiki ba illa jimla biyu ko uku.

Kusa da lalitar akwai babban kan ɗamara na zinariya mai nauyin fiye da giram 400, wanda cikinsa rami ne, yana buɗuwa ta baya kamar ƙaramin akwati. Akwai faffaɗan faranti na azurfa mai hatimin Anastasiyus na ɗaya, sarkin Rumawan gabas da ya yi mulki daga 491 zuwa 518, ke nan farantin ya kai shekara ɗari a duniya kafin a binne shi, kuma ya ratsa hannaye masu yawa daga Kustantiniyya zuwa wannan lungu. Akwai cokula biyu masu rubutun Girkanci, da abin kiɗa mai tsirkiya, da tukwanen tagulla, har da 'ya'yan wasan allo. Abin ya yi mini kama da jeren ɗakin amarya, inda uwa za ta iya nuna kowane kwano ta faɗi wanda ya kawo shi gudummawa. Kayan suna faɗin ko wane ne mutumin: wanda ya yi hulɗa da shi, abin da yake ci da shi, abin da yake sauraro da dare. A ganina wannan shi ne babban abin da teburinmu ya rasa. Muna cika akwati da daraja, amma ba ma tambayar kanmu ko na wane ne, kuma me ya sa ya ajiye.

A ɗaki na 41 ɗin dai akwai wani kaso na azurfar Cuerdale, wata taska daban da aka samu a bakin kogin Ribble a arewacin Ingila a 1840, wadda gaba ɗayanta ta kai kimanin kilo 40. Ita ba ta da kyan gani irin na farko. Mundaye ne da sarƙoƙi da aka datse gunduwa-gunduwa domin a auna a sikeli, da yawansu ɗauke da tabon wuƙa inda wani ya gwada ko azurfar ta gaskiya ce, kuma a cikin tsabar har da dirhamomi masu rubutun Larabci daga ƙasashen Musulmi. Wannan taska ce ta mayaƙa da 'yan kasuwa marasa yarda da juna. Na rubuta a littafina cewa duk ɗan kasuwar da jarumai za su kai wa ganima ya kamata ya fito da wuƙa da sikeli tukuna.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa a tashar Liverpool Street zuwa Ipswich, muka canza zuwa ƙaramin jirgi da ya sauke mu a Melton, muka ƙarasa da ƙafa, muka haye gadar kogin Deben muka hau tudu. Sutton Hoo fili ne mai ciyawa da iska mai sanyi, da tuddai kimanin 18, mafi yawansu sun kwanta har sai mutum ya lura sosai. Daga saman hasumiyar kallo ana hango kogin da garin Woodbridge a ɗaya gaɓar, kuma daga nan ne mutum yake gane irin wahalar da aka sha wajen jawo jirgi mai tsawon mita 27 daga ruwa zuwa kan tudu. Katakon jirgin ya ruɓe tuntuni saboda ƙasar tana da tsami, haka ma gawar. Abin da Basil Brown, mutumin da ya fara haƙar, ya tarar shi ne siffar jirgin a cikin yashi da layukan ƙusoshin ƙarfe, kowace a mazauninta.

Labarin ɓarayin ne ya fi ba ni abin yi. Kusan duk tuddan an yashe su ƙarnuka da suka wuce. Babban tudun ma an haƙa shi, wajen ƙarni na 16, amma noma ya riga ya cinye gefe guda nasa, saboda haka inda ɓarayin suka ɗauka tsakiya ce ba ita ba ce. Suka yi rami mai zurfi, suka kuskure ɗakin kayan da ɗan taƙi, suka tafi suka bar tulunsu a ƙasan ramin. Jagora zai iya ɗaukar wannan yadda yake: jarumai su iso su tarar an riga su, su ga rami da tokar wuta, kuma mai lura a cikinsu ne kaɗai zai gane cewa siffar tudun ta sauya. Sai dai ina tsaye a wurin ban manta cewa makabarta ce ba, ko da ta mutanen da al'adarsu ta yi nesa da tamu. Na fi son wasan da tone kabari yake da nauyi a cikinsa, inda mamaci yake da jikoki da ke raye, kuma suna iya gane ɗamarar kakansu a ƙugun baƙo a tsakiyar kasuwa.

Gidan Edith Pretty, mai filin da ta sa a yi haƙar, yana nan ana shiga. A watan Agusta na 1939 aka yi zaman bincike na shari'a a kan ko kayan na wane ne. Dokar lokacin ta ce idan an ɓoye dukiya da niyyar dawowa a ɗauka, ta masarauta ce. Idan kuwa an binne ta ne ba da niyyar ɗauka ba, ta mai fili ce. Aka yanke cewa tata ce, ita kuma ta ba wa ƙasa kyauta gaba ɗaya. Yaƙi ya ɓarke bayan 'yan kwanaki, aka kai kayan cikin ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan aka ɓoye. A wasanninmu wanda ya tsinta shi ne mai ita, magana ta ƙare. A duniya kuwa tsintar ce farkon shari'a: ga sarki, ga mai gona, ga magada, ga masu bauta da ke cewa kayan na wurin ibadarsu ne. Zama guda na wasa zai iya ƙarewa a gaban alƙali ba tare da an zare takobi ba, kuma na tabbata 'yan wasa za su fi tuna shi.

A jirgin komawa muka ɗauki batun nauyi. Dokar wasan ta yanzu ta ce tsaba 50 suna yin laba guda, saboda haka tsaba 10,000 sun kai kimanin kilo 90, amma da wuya a ga jagoran da ya damu da wannan. Kakanninmu sun san matsalar sarai. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake ba da shi a kan dala ɗaya ta azurfa, ke nan keso guda na wuri 20,000, wanda kayan ɗan dako ne sukutum, bai wuce dala 8 ba. Dukiya irin wannan tana bukatar jakuna da masu gadi da abincin hanya, kuma duk ƙauyen da aka ratsa ya san an wuce da ita. Yaron ya ce in haka ne gara su ɗauki farantin su bar buhunan, na ce masa farantin yana da hatimi, duk wanda ya gan shi ya san daga fadar da ya fito.

Kafin mu isa Colchester na tsara taskar zama na gaba: lalita mai tsaba 37 daga garuruwa 37, da buhunan wuri da suka fi ƙarfin jarumai huɗu, da faranti mai hatimin sarkin da har yanzu 'ya'yansa suke cigiyarsa. Na roƙi yaron kada ya faɗa wa sauran, ya yi alkawari, da sharaɗin a bar jaruminsa ya riƙe lalitar.