Labari na gudu, izini na tafe da ƙafa

Ina cikin shekarata ta uku a wani kamfanin rarraba kaya aka haɗa kwamfutocinmu wuri guda. Kafin nan kowane sashe da duniyarsa: masu sayarwa da littafin odarsu, sito da katin kayansa, akawu da tulin fayilolinsu. Abokin ciniki zai bugo waya ya tambaya ko akwai kaya kaza, mai sayarwa ya ce a ba shi minti goma, ya kira sito, mai kula da sito ya tashi ya leƙa, ya dawo ya faɗi adadin da tun safe an riga an yi wa wani alkawarinsa. Rahoton mako kuwa sai Litinin yake isa teburin babban manaja, ɗauke da labarin Larabar da ta wuce.

Ni aka ɗora wa sa ido a kan ɓangaren oda na sabon tsarin, ba don na fi kowa sanin kwamfuta ba, sai don ni ne ƙarami kuma ban iya cewa a'a ba. Watan farko murna muka sha. Kowa ya duba allonsa, adadi ɗaya yake gani. Kiran sito ya ragu, gardamar "ai na faɗa maka", "ba ka faɗa min ba" ta yi sauƙi. Sai dai ƙorafin abokan ciniki bai ragu ba ko kaɗan. Odar da ke cin kwana uku a zamanin takarda, kwana ukun take ci har yanzu.

Wata rana na ɗauki oda guda na bi sawunta tun daga shigarta. An shigar da ita ƙarfe 9:10 na safe, a daƙiƙar ta isa wurin shugaban sashe. Yana taro, bai duba ba sai bayan ƙarfe 2. Daga nan ta wuce wurin manajan kuɗi don ya tabbatar ba a bin mai odar bashi. Shi kuma ya yi tafiya, ta kwana biyu tana jiransa. Da na haɗa lokacin da wani ya taɓa odar da hannunsa, bai kai minti ashirin ba. Sauran duk zaman jira ne. Ashe takardarmu mai sa hannu uku muka ɗauko muka manna a allo. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne amsar da na samu da na fara tambayar asalin kowane sa hannu. Na shugaban sashe ya samo tushe ne daga lokacin da shi kaɗai ya san abin da ke sito, domin shi ake kawo wa katin kaya kowace yamma. Na manajan kuɗi kuma saboda littafin bashi a ofishinsa yake, a kulle. Yanzu ga kayan sito, ga bashin kowa, duk a gaban mai sayarwa. Dalilin ya daɗe da mutuwa, sa hannun na nan da ransa.

Daga baya na gane ba a kanmu aka fara ba. A 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow ya yi shaguɓen da ya shahara, cewa ana ganin zamanin kwamfuta a ko'ina ban da cikin alƙaluman yawan aikin da ake samarwa. Shekara uku bayan haka wani masanin tattalin arzikin, Paul David, ya kawo misalin lantarki don bayyana dalili. Masana'antun zamanin tururi an gina su ne kewaye da babban inji guda, mai juya dogon ƙarfe a rufin ɗaki, kowace na'ura tana jan ƙarfinta daga gare shi da bel. Da lantarki ya zo, masu masana'antu suka cire injin tururi suka dasa babban injin lantarki a gurbinsa, suka bar sauran yadda yake. Riba ta gaske ba ta fito ba sai wajen shekarun 1920, da aka ba kowace na'ura ƙaramin injinta, aka sake jera ɗakin bisa yadda aiki ke gudana. Kusan shekara arba'in ke nan bayan Edison ya buɗe tashar lantarkinsa a New York a 1882.

Misalin da ya fi kama da namu na kamfanin Ford ne. A farkon shekarun 1980 sashen biyan masu kawo masa kaya a Arewacin Amurka yana da ma'aikata fiye da 500, yayin da Mazda ke yin irin aikin da mutum 5. Mafi yawan lokacinsu yana tafiya ne wajen daidaita takardu uku da suka ƙi jituwa: ta oda, ta karɓar kaya, da ta neman biya. Sai suka sauya aikin kansa. Mai saye ya shigar da oda a rumbun bayanai, mai karɓa a bakin ƙofa ya duba allo, in kaya sun dace da odar ya danna, biya ya fita. Takardar neman biya ta zama ba ta da amfani, ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin ɗari.

Da wannan na je wurin shugaban sashenmu, ina ganin na zo da abin da za a yaba min. Na ce, "Yallaɓai, me zai hana duk odar da ba ta wuce wani adadi ba, kuma mai ita ba shi da tsohon bashi, ta wuce sito kai tsaye?" Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, to ni kuma aikin me zan yi?" Da wasa ya faɗa, amma ba wasa ba ne, kuma ni ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya. Ina lissafin mintuna, shi yana lissafin shekarun da ya yi kowa na bi ta teburinsa. A kamfani, wanda labari ke bi ta hannunsa shi ne mai faɗa a ji, ko da taken muƙaminsa bai nuna ba.

An ɗauki watanni kafin a yarda, kuma ba hujjata ce ta yi aiki ba, wani babban abokin ciniki ne ya tafi. Da aka sauya ƙa'idar, siffar kamfanin ta fara sauyawa ba tare da an zauna an zana ba. Mai sayarwa, akawu guda da mutumin sito guda suka zama kamar ƙungiya mai kula da rukunin abokan ciniki ɗaya, suna warware yawancin abu a tsakaninsu. Abin da ke hawa sama sai mai sarƙaƙiya. Masanin harkar gudanar da kamfanoni Peter Drucker ya yi hasashe a 1988 cewa cikin shekara ashirin matakan shugabanci a manyan kamfanoni za su ragu da fiye da rabi. A ganina rabin gaskiya ya faɗa. Manajan da aikinsa karɓar labari daga ƙasa ya miƙa sama, wannan kam allo ya cinye shi. Amma wanda ke raba gardama idan mutum biyu na son kaya ɗaya, ko ya san wanda za a ɗaga wa ƙafa a kan bashi, aikinsa ƙaruwa ya yi. Shugaban namu yana cikin na biyu, shi da kansa bai sani ba sai da aka sauke masa sa hannu ɗari a rana.

Ba komai ne ya gyaru ba. Imel ya zama wurin wanke kai, a saka mutum goma a saƙo guda don kada a ce ba a sanar da wane ba, ƙarshe ba mai karantawa.

Sai batun mai kula da sito, dattijo mara yawan magana. Na kama shi yana riƙe da ƙaramin littafi a aljihun teburinsa, na ɗauka taurin kai ne irin na wanda bai son sabon abu. Na ce, "Baba, ai an daina wannan." Bai ce komai ba, ya buɗe ya nuna min: katan ɗin da suka jiƙe, waɗanda aka dawo da su ba a duba ba tukuna, waɗanda ke cikin mota ba a sauke ba. Tsarinmu gida biyu kawai ya sani, akwai ko babu. Duk waɗannan yana ƙirga su cikin "akwai", masu sayarwa kuma suna ta sayar da su. A da idan katin sito ya yi ƙarya, mutum ɗaya ya ruɗa. Yanzu adadi ɗaya ne ke ruɗin kamfani gaba ɗaya a lokaci guda, kuma ba mai shakkarsa tunda kwamfuta ce ta faɗa. Daga littafin nan muka kwafo sababbin gidaje huɗu muka ƙara.

A watan Yuni na 2017 cutar kwamfuta da ake kira NotPetya ta shiga hanyar sadarwar Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmark, ta tsayar da aikinsa a tashoshi da dama na duniya. Sai da suka sake saita kwamfutoci kusan 45,000 da manyan na'urorin ajiye bayanai 4,000, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafi ɗaya na kundin da ke tantance masu shiga tsarin ya tsira a ofishinsu na Ghana, shi ma don an ɗauke wuta ne lokacin da cutar ke yaɗuwa, na'urar ba ta haɗe da sauran.

Mu namu bai kai haka ba, layi ne ya yanke mana yini guda. Amma a yinin na ga matasan ma'aikata tsaye cirko-cirko, ba wanda ya san yadda ake rubuta oda da biro, ko wa ake kira idan allo ya yi duhu. Motoci uku ne suka fita ranar, dukkansu da lissafin littafin Baba. Washegari ya zo ofishina ya ajiye min sabon littafi irin nasa, bai cire ledarsa ba, ya koma sito.