Tukunyar gas a bakin fadama

Ranar da na ɗauko tukunyar gas ɗin Inna na ɗaure a bayan babur, Baba ya bi ni da kallo ya ce, "Kai yaro, mi ya haɗa tukunyar girki da shinkafar da ko yanka ba a yi ba?"

Ranin farko ke nan bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayu, 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Gonarmu tana fadamar Argungu, shinkafar rani kuwa ba ta san uzuri ba. Injin ban ruwa ya kwana uku bai tashi ba, sai ƙasa ta tsattsage, ganye ya naɗe. Har mun fara shawarar barin rabin gonar.

A Birnin Kebbi na taɓa ganin wani mai gyara yana sauya wa janareto kafireta don ya ci gas. Sai na tuna injin ban ruwanmu ai ɗan'uwan janareto ne, cikinsu ɗaya, wannan ruwa yake ja, wancan wuta yake bayarwa. Na kai masa. Ya ɗaura kafiretar, ya jona tiyo, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana duban ko kumfa za ta taso. A ja na uku injin ya kama.

Babu sabon abu ko ɗaya a cikin kayan nan. Tukunyar tana madafi, injin yana gona, ba su taɓa haɗuwa ba ne kawai, domin mai girki ba ta zuwa fadama, manomi kuma ba ya leƙa madafi. Haka Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya tashi a gidan maginan tukwane, ya saka ƙaramar randa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan yana ƙafewa yana tafiya da zafi, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai 27. Kowa ya san randa na sanyaya ruwa, shi ne ya haɗa wannan sani da kukan masu kayan miya, ya kuma samu kyautar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000.

Shinkafarmu ta kai yanka gaba ɗayanta. Baba da kansa ya kafa wa tukunyar 'yar rumfar zana don kada rana ta doke ta, kuma daga buhun farko da muka sayar ya ce in sayo wa Inna wata.