Littattafan da Suke Faɗin Inda Aka Ci Bashi

Duk lokacin da cunkoson motoci ya tsayar da ni a kan titi, nakan ga samari masu tallar littattafai suna ratsawa tsakanin motoci da tulin littattafan sirrin arziki, kowanne da hoton wani attajiri yana murmushi a bango. Na sayi da dama a shekarun baya, na kuma karanta su, amma idan aka ritsa ni da tambaya yau ba zan iya kawo abu uku da suka zauna mini a kai ba. Sai daga baya na gane cewa irin waɗannan littattafai suna kawo nasara ne bayan an wanke ta an goge, babu bashi a cikinta, babu faɗuwa, babu sunan wanda ya rufa wa mutum asiri ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tun daga nan, ko littafin kasuwanci ne, ko na tarihin wasanni, ko na rayuwar wani sananne, abin da nake fara nema shi ne ko marubucin ya yarda ya nuna mini ranar da abubuwa suka cakuɗe.

Wanda ya fi cika wannan sharaɗi a cikin na kasuwanci shi ne Shoe Dog, wanda Phil Knight, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin takalma na Nike, ya fitar a 2016. A 1962 ya je birnin Kobe na Japan yana saurayi, ya shiga ofishin kamfanin takalma na Onitsuka yana neman a ba shi dillancin kayansu a Amurka. Da aka tambaye shi kamfanin da yake wakilta, sai ya ƙirƙiro suna nan take, ya ce Blue Ribbon (kamfanin da daga baya ya zama Nike), alhali ko shago ba shi da shi. Mahaifinsa ne ya tura dala 50 na samfurin farko. A 1964 shi da tsohon kocinsa na gudu, Bill Bowerman, kowa ya zuba dala 500, ya riƙa sayar da takalman daga but ɗin motarsa a filayen tsere, yana kuma aikin akanta don ya ci abinci. Abin da ya riƙe ni a littafin shi ne yadda ciniki yake ninkawa kusan kowace shekara amma aljihu a bushe, domin duk abin da ya shigo sai a mayar da shi cikin odar kaya ta gaba. Bankuna biyu ne suka kore shi, na biyun a 1975, kuma wani kamfanin fatauci na Japan mai suna Nissho Iwai ne ya biya masa bashin a lokacin. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin shagonsa cike da kaya amma ya rasa kuɗin haya zai gane kansa a nan. Sai dai a lura, mai labari ne yake ba da labarin kansa, don haka batun ƙorafin da aka yi kan halin ma'aikata a masana'antun Asiya da ke ɗinka wa Nike takalma, a gurguje ya taɓa shi a ƙarshe, yana kare kansa.

Wanda ya gama wannan, ina ba shi shawara ya dawo gida ya nemi Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda ya fito a 1980, kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja daga 1700 zuwa 1900. Littafin bincike ne, ba ya gudu a baki kamar labari, amma a cikinsa mutum zai ga yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan hanya, yadda ayari yake tashi a ƙarƙashin madugu da jagaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, a yi watanni ana tafiya ana biyan fito da kuɗin hanya kafin a isa kasuwar Salaga da ke Gwanja. Daga cikin Agalawan nan ne Alhassan Dantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da goro kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama abin nema.

Abokin tafiyarsa shi ne Custom and Politics in Urban Africa na Abner Cohen, na 1969, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960. Ya bayyana yadda shanu suke gangarawa Kudu, goro yake haurawa Arewa, ba tare da takardar yarjejeniya ko lamunin banki ba. Mai shanu zai sauka a gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta bashi, idan kuma mahauci ya ƙi biya, maigidan ne zai cika daga aljihunsa, domin sunansa shi ne jarinsa. Da na gama karantawa na kai wa kawuna labari, wanda ya yi shekaru yana ɗauro huhun goro daga Kudu. Na same shi a zaure yana ɓare wani farin goro da farce. Na ce, “Kawu, ashe har Turawa sun rubuta yadda kuke yi?” Ya miƙo mini ɓari ɗaya, ya ce, “Yaro, su sun rubuta, mu mun yi. Amma ka duba mini, ya faɗi abin da ake yi wa dillalin da ya ci amana?” Na ce ya faɗa, labarinsa ne zai bazu, kowa ya janye jiki daga gare shi. Ya gyaɗa kai ya ce to lallai mutumin ya zauna da mutane.

A ɓangaren wasanni, damben zamani ya fi ƙwallo sa'ar marubuta a ganina, wataƙila saboda mutum biyu ne kawai a fili, babu inda za a ɓoye. King of the World na David Remnick, na 1998, ya tsaya ne a kan shekarun da Cassius Clay ya zama Muhammad Ali, musamman karawarsa da Sonny Liston a Miami a Fabrairun 1964, lokacin yana da shekara 22, inda Liston ya ƙi tashi daga kujerarsa a turmi na bakwai. Kyawun littafin shi ne bai wulaƙanta wanda aka kayar ba. Liston, wanda ya koyi dambe a gidan yari kuma 'yan daba masu kuɗi suka riƙe ragamarsa, ya samu shafukansa cikakku.

Amma wanda na fi so a nema shi ne tarihin Dick Tiger da Adeyinka Makinde ya rubuta. Sunansa na yanka Richard Ihetu, an haife shi a Amaigbo a 1929, ya yi tallar kwalabe a kasuwar Aba kafin ya tafi Liverpool a 1955, inda aka doke shi a wasanninsa huɗu na farko a jere. Wannan mutumin ne ya karɓe kambun duniya na matsakaita nauyi daga hannun Gene Fullmer a 1962, ya kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a Agustan 1963, sannan a 1966 ya hau aji na gaba ya doke José Torres. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya goyi bayan Biyafara, ya mayar wa Ingila lambar girmamawar da ta ba shi, dukiyar da ya tara a gida ta salwanta, har ya koma aikin gadi a wani gidan tarihi a New York. Ciwon dajin hanta ya kashe shi a Disamban 1971, yana da shekara 42. Mai karatu daga Arewa ba lallai ya yarda da matsayinsa kan yaƙin ba, amma zai ga yaƙin daga wata kusurwa da ba a saba ba mu labarinta ba. Nakan tuna Shago idan ina karanta shi, domin yawancinmu ta bakin Ɗan Anace muka san shi, kuma waƙa kirari take yi, ba ta ƙirga ranakun da gwani ya kwana da yunwa.

Tarihin manyan mutane kuwa, a nan ne aka fi cika mana kanta da littattafan da ake rubutawa domin ranar ƙaddamarwa, a tara kuɗi a watse. Masu nauyi na gaske suna nan: na John Paden kan Sardauna, wanda kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga a 1986, da A Right Honourable Gentleman na Trevor Clark kan Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1991. Clark tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya san Tafawa Ɓalewa ido da ido, saboda haka yana da bayanai masu yawa, yana kuma da son zuciyar aboki. Dukansu biyu sai mai haƙuri, ba a gama su a mako guda.

Idan kuwa ɗaya tak za a karanta, to a karanta Baba of Karo. Ba sarauniya ba ce, ba attajira ba ce, tsohuwa ce Bahaushiya da ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. An haife ta wajen 1877, wato sa'ar Dantata ce, amma duniyar da ta nuna ta cikin gida ce: rinjin iyayenta da bayin da ke noma a ciki, mahara da ke sace mutane a sayar, yadda dangi suke haɗa kuɗin fansa, zuwan Turawa da yadda bayi suka watse, ƙawance da kishi da bori da bikin suna. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma tana faɗin dalilin mutuwar kowane aure ba tare da neman a tausaya mata ba. Ta rasu a 1951, littafin kuma bai fito ba sai a 1954.