Giris ɗin da na ɗura wa kebur ɗin agogon gudu

Har yanzu in na tuna ranar da na cika kebur ɗin nan da giris, sai in ji kamar in mari kaina. Motar tsohuwa ce, ƙirar 1974, kuma ƙarar da ta jawo duk wannan ba ta taka kara ta karya ba. Ƙyas, ƙyas, ƙyas daga bayan dashbod, kamar ana ƙyasta ashanar da ta sha sanyi. In ina tafiya a hankali ana iya ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, in na ƙara wuta sai ta haɗe ta zama ƙirrr. Allurar agogon kuma tana ɗan zabura tare da kowace ƙyas, musamman ƙasa da kilomita 40.

Gano cewa ba daga inji ba ne bai ba ni wahala ba. Mota na tsaye na taka totur, shiru. A gangara na sa ta a firi, inji ya kwanta, ƙarar na nan tana bin gudun taya. Ga allura tana rawa tare da ita. Ko yaro ya san kebur ne ko kuwa agogon kansa.

Abin da ya rage na minti biyar ne: in kwance notin bayan agogo, in cire kebur, in ɗan zaga da motar in saurara. Ban yi ba. Na zaro 'yar cikin, wato wayar da ke juyawa a cikin bututun kebur, na ga ta bushe ƙamas, na ce shi ke nan, ƙishirwa ce. Ko kallon kirki ban yi mata ba. Na dumbuzo giris mai kauri irin na boris, na lafta mata tun daga ƙasa har baki, na ƙara cusa wani a bakin bututun da ɗan yatsa, wai don ya daɗe. Ƙara ta lafa. Kwana tara ina yawo ina jin kaina bakanike.

A na goma, ina tafiyar da ba ta wuce 50 ba, allura ta haye 90. Na tsaya cak, ita kuwa tana saukowa a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ta maƙale a 20. Ƙyas-ƙyas ɗin ma ya dawo.

Dattijon da na kai wa agogon ya buɗe shi a gabana, ya lakato giris da tsinke ya ɗaga mini. Ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Na ce, "Baba, ni ne." Bai ƙara cewa komai a kai ba, ya dai juyo mini cikin agogon. Kebur ba ya taɓa allura ko kaɗan. Maganaɗisu yake juyawa a cikin wani ɗan kofi na alminiyam, ƙarfin maganaɗisun ke jan kofin, wani siririn sifirin kamar gashi yana riƙe shi baya. Tun 1902 wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar wannan dabara, kuma duk hikimar tana cikin ɗan ratar da ke tsakanin maganaɗisu da kofi. Ratar nan ce giris ɗina ya cike, maganaɗisu ya riƙa jan kofi da danƙo. Yadda ya hau kuwa, 'yar cikin kebur wayoyi ne aka murɗa, tana juyawa tana tura abin da ya yi yawa zuwa baki, ni kuma na ajiye masa tuli a ƙofa.

Mako uku agogon yana hannunsa. A nan ne na yi gwajin da na tsallake. Ba agogo a motar, kebur na reto, na tuƙa: ƙyas, ƙyas. Ashe agogona lafiyarsa ƙalau tun farko, ni na jefa shi a ciwo.

Na wanke 'yar cikin da kananzir, na shimfiɗa ta a kan tebur, na murza bakinta da yatsu biyu. Mai lafiya tana juyawa sumul. Tawa kuwa sai ta cije, ta cije, sannan ta yi tsalle ta mari tebur. Kamar taki ɗaya daga saman akwai ɗan lanƙwasa da ido ba ya kamawa sai an sa haske ta gefe. Na bi ta da tsumma, tsumman ya sarƙe a wurin: silin waya ɗaya ya tsinke ya miƙe. Shi ne ke karce bututu sau ɗaya a kowane juyi. Zaburar allura ma daga nan ne, don lanƙwasar tana riƙe murɗi, sai ta sake shi gaba ɗaya. Giris ba ya miƙe waya, ko buhu guda aka zuba.

Abin takaicin bai ƙare ba. Na leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila, sai ga bututun an ɗaure shi tam da sandar sitiyari, ya yi gwiwa. Ɗaurin nawa ne, na watannin baya da nake kintsa wayoyi don wurin ya yi kyan gani.

Sabon kebur na saya ɗungurungum, don bututun da tsinkakkiyar waya ta daɗe tana ci zai cinye sabuwar 'yar ciki. Na gwada shi da tsohon kafin in ɗaura, saboda bakin 'yar cikin mai kusurwa huɗu in ya yi tsawo yakan tokare cikin agogo, ya kawo wata ƙarar. Kowace lanƙwasar bututun kuwa na bar ta da faɗi, babu wadda ta matse ƙasa da santimita 15, kuma na nisanta shi da salansa. Maiko ɗan kaɗan, mara kauri, na shafa na goge har sai da ya zama sheƙi kawai. Santimita 20 na sama ban bari ko ɗigo ya taɓa su ba. Da na je karɓar agogo, dattijon ya sake nanata mini wannan har sau biyu, yana kallon yatsuna.

Allura ta zauna daram yanzu. Sai dai lissafin kilomita ya yi giɓin mako uku da babu mai cike shi, kuma har yau in na tashi mota nakan kashe rediyo a kilomitan farko, kunnena na bayan dashbod.