Mun isa bakin teku mun tarar ruwan ya tafi

Tun da Baba ya rasu Umma ta fita takaba sai ta koma wata iri, daga ɗaki sai bakin ƙofar ɗaki, ko biki aka yi a dangi sai dai ta aika da gudummawa, ga ciwon gwiwa da ya sa ta a gaba. Ni da Abban yara mun daɗe muna tara kuɗi da niyyar mu kai yara wani waje a dogon hutu, ni adashe shi kuma ɗan abin da ya samu ya ajiye, ranar nan muna hira da daddare yace to me zai hana mu tafi da Umma. Wallahi har ƙwalla sai da na yi. Haka muka tsayar da Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, a watan Agustan 2025, mu biyar, ni da shi da Umma da yara biyu.

Da farko tafiyar rukuni na so mu bi, irin wadda ake tallatawa a Instagram ɗin nan, kwana biyar, kuɗi kaza, kowa ya biya a haɗu a filin jirgi. Da na karɓi tsarin na karanta sai jikina yayi sanyi, kullum fita ƙarfe bakwai na safe, yau jirgin ruwa gobe ninƙaya jibi casu a kan teku har dare, babu inda aka ce ga lokacin sallah balle lokacin da tsohuwa zata miƙe ƙafa. Ba laifinsu bane, samari da 'yan mata suka yi wa tsarin. Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wata baiwar Allah a Abuja da ke tsara wa iyali tafiyarsu su kaɗai, tana aiki da wani mutum a can. Abin da ya fara burge ni shine bata fara da farashi ba, tambayoyi ta dinga jero min a waya, Hajiya Umman taki tana iya hawa bene, matakala nawa, me take ci me bata ci, yaran shekarunsu nawa, kina so ki shiga ruwa ko kallo kawai, maigida zai so masallaci kusa. Mun fi awa ɗaya. Ni kuma na faɗa mata sharuɗɗana, ɗaki a ƙasa, gidan da ba a sayar da giya, ɗan kicin da zan iya dama wa Umma kunu, da mota tamu mu kaɗai wadda idan mun gaji zamu ce direba juya.

Maganar takardu a taƙaice, mu masu fasfon Najeriya ba a buga mana bizar Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema a jira amincewa, dan haka a nema tun da sauran makonni kafin a kashe kuɗi a tikiti. Sai katin rigakafin shawara, sai kuma inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, dala 44 ga babban mutum, ko kana da wata inshorar sai ka saya. Daga Kano muka tashi muka sauka Adis Ababa muka canza jirgi, kuma tun wajen sayen tikiti muka nemi keken turawa saboda Umma, wannan kam kar wanda zai tafi da dattijo ya ji nauyin nema.

Kwana uku na farko a Stone Town muka yi, tsohon garin da su ke ce wa Mji Mkongwe, kuma a nan na tafka kuskurena. Matar nan ta ce min Hajiya abu ɗaya a rana ya isa, ni kuma na ce a'a, kuɗi muka kashe, a ƙara. Na sa aka cusa mana gonar kayan ƙamshi da kasuwar Darajani da tsibirin kunkuru da yawon lunguna duk cikin kwana biyu. Lungunan garin mota bata shiga, da ƙafa ake bi, sun tuna min da cikin birni wajen Kurmi sai dai nasu gidajen dogaye ne na dutse da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Mai yi mana jagora ya nuna mana Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020 dan haka daga waje muka tsaya, ya bamu labarin yaƙin da Ingila ta yi da su a 1896 wanda ko awa ɗaya bai kai ba aka gama. Sannan ya kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, akwai ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufin ƙasa-ƙasa, iska da ƙyar. Umma bata sauka ba, ni na sauka da babbar 'yata, muka fito ba mai magana. Da na ba Umma labari tace ai mu ma a ƙasarmu an yi, kakarta ta sha ba su labarin, sai dai ba mu ajiye wurin da yaro zai je ya gani ba.

Gonar kayan ƙamshi ita ce Umma ta fi jin daɗi a kwanakin nan. Shekara sama da hamsin tana zuba kanumfari a kunu da yaji bata taɓa ganin bishiyarsa ba, ashe ƙullin fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya har yayi baƙi. Yaron gonar ya kankaro ɓawon wata bishiya ya miƙa mata yace Bibi shinshina, tana kaiwa hanci tace kirfa! Masoro kuma ashe yaɗo yake yi a jikin wata bishiyar kamar wake. Ta riƙe ɗanyen kanumfarin nan a tafin hannu tana juyawa har muka koma mota.

Washegari na dage sai mun je tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, waɗanda asalinsu daga Seychelles aka kawo a 1919. Abin da ban tambaya ba shine ta yaya ake shiga kwalekwalen. Inda muka hau babu wani dandamali, cikin ruwa ake takawa har gwiwa sannan a ɗaga ƙafa a haye, Umma dan kar ta ɓata wa jikokinta rai ta daure ta hau, ga igiyar ruwa tana jijjiga mu zuwa da dawowa. Da dare gwiwar ta kumbura tayi suntum. Ina shafa mata man zafi tana ce min ba komai 'yar nan, ni kuma raina duk ya ɓaci dan na san ni na jawo, an faɗa min ban ji ba. A daren na kira matar nace duk abin da ya rage a tsarin a soke, a bar mana kwanakin haka nan. Da tafiyar rukuni ce da ba mu da wannan bakin.

Sai muka wuce Jambiani a gabashin tsibirin, wajen awa ɗaya da rabi a mota, inda zamu yi kwana shida. A hoton da aka turo min ruwa ne shuɗi kore yana taɓa katangar gidan. Mun isa wajen azahar yara suka kwasa da gudu da kayan wankansu, sai gasu sun dawo, Mama babu ruwa. Na fita na duba, wallahi farin yashi ne shimfiɗe har inda ido ya kai, kwalekwale suna zaune a ƙasa a karkace, can nesa sosai ake hango farin kumfa. Na zaci an yaudare mu ne, har na ɗauko waya. Mai kula da gidan yayi murmushi yace Mama pole pole, wato a hankali, zai dawo. Ashe haka gabashin yake, sau biyu a kwana ruwan yake janyewa ya dawo, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin. Wanda yake son ninƙaya kowane lokaci arewa ake kai shi, Nungwi ko Kendwa, can ruwan baya nisa. Wannan ita mai tsara mana bata faɗa min ba ni ma ban san ana tambaya ba, duk wanda zai je ya tambayi wannan kafin ya biya kuɗin ɗaki.

To amma abin da na ɗauka asara shi ya zame mana tafiyar gaba ɗaya. Mai gidan ya gaya wa Umma cewa ruwan da wata yake tafiya, ya fi yin nisa idan wata ya cika da kuma lokacin da zai tsaya sabo, shikenan ta samu abin yi, da magariba ta duba wata ta lissafa kwanakinsa da yatsu tace gobe sai ya fi na yau janyewa, kuma haka ake yi. Idan ya janye sai matan garin su fito da kanga, wato zaninsu, a ɗaure da buhuna, su bi yashin nan zuwa gonakinsu, dan gona ce sosai a cikin teku, turaku a kafe an ja igiya tsakani an ɗaura wata ciyawar ruwa da suke kira mwani, su zauna cikin ruwa iya ƙugu suna tsinka suna ɗaura sabuwa, su kwaso a ka su shanya a ƙofar gida a sayar, har sabulu ake yi da ita. Rana ta uku da gwiwar ta saɓe Umma tace in riƙe ta mu je. Mun sa takalman roba saboda wata halitta mai ƙaya da ke ɓuya a ramukan dutse, muka taka a hankali, ruwa ɗumi iya idon sawu. Wata dattijuwa tsararta ta ɗago tace karibu, wato sannu da zuwa, ta matsa mata kan wani buhu. Babu Hausa babu Swahili amma sun fi rabin awa tare, ta nuna wa Umma yadda ake ƙulla ciyawar a igiya, Umma ta ƙulla uku na farko suka kwance na huɗu ya zauna, matar ta tafa. Na ji dariyar Umma irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai, na juya baya dan kar ta ga fuskata.

Harshen ma ba baƙo bane can-can, saboda Larabcin da ya shiga nasu ya shiga namu. Sabulu sabuni, labari habari, duniya dunia, Alhamis Alhamisi, kanumfari karafuu. Yara suka koyi gaida manya da shikamoo a amsa musu da marahaba. Agogonsu ne sai an kula, daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shine saa moja wato ƙarfe ɗaya, dan haka idan kun yi alƙawari da masunci ko direba a tabbatar wane lissafin ake nufi. Abban yara kullum a masallacin unguwa yake asuba, yace limamin yana bayyana bisimilla kuma bayan ruku'u yake ƙunuti saboda yawancinsu Shafi'awa ne. Fita ɗaya tak muka yi a kwana shidan, zuwa Kizimkazi, yaje ya ga tsohon masallacin da rubutun jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107.

Ni kuma abin da nake tsoro tun daga gida shine shiga ruwa a gaban mutane. Turawa suna nan da irin shigarsu, sun fi yawa ta wajen Paje, garin da ke kusa da mu, masu wasan nan da iska ke jan su a kan ruwa, amma matan garin da mayafinsu suke shiga, ba wanda ya kalle ni da doguwar rigata da wando da hijabi. Idan cikar ruwa ta faɗo da sassafe nakan shiga ni da 'yata kafin rana tayi zafi. Abu ɗaya da ya dame mu, gidanmu ba giya kamar yadda na nema amma na kusa da mu suna kiɗa daren Asabar har wajen ƙarfe biyu, dan haka a tambayi su waye maƙwabta ma. Kuɗi kuma a tafi da sababbin takardun dala, tsofaffi ba kowa ke karɓa ba, a canza shilin dan cefane. Abinci ba matsala, shinkafar pilau da kifi da miyar kwakwa, ruwan rake da citta da lemun tsami, na dai taho da yajina da garin kunu daga gida kuma sun yi rana.

Sauran lokacin ba abin da muke yi. Mu karya, Umma ta zauna a inuwar kwakwa da carbinta tana kallon ruwa na tahowa, yara na tsintar kwanson dodon koɗi, Abbansu yayi barcin da bai taɓa samu a Kano ba. Ranar da zamu tafi ruwan ya janye da hantsi, mota na jira, Umma tace a bata minti goma. Ta ɗauki sabon mayafi cikin kayanta da sauran garin kununmu, na riƙe ta muka taka har gonar matar nan ta bata, ita kuma ta kwance bakin kangarta ta ciro sabulun mwani guda biyu ta damƙa mata. Har yanzu ɗaya yana cikin akwatin Umma bata yarda an taɓa ba.