Allura ta huɗu ce ta fi ba ni wahala

A watan Disambar 2024 aka kawo rigakafin zazzaɓin cizon sauro, R21, ƙaramin asibitin da nake aiki a Jihar Kebbi. Da mu da Bayelsa aka fara a Najeriya. Na daɗe a ɗakin rigakafi, amma ban taɓa ganin layin mata irin na makon farko ba. Har masu 'ya'ya 'yan shekara uku suka zo, sai haƙuri muka ba su, don allurar ta jarirai ce: wata biyar, wata shida, wata bakwai, sannan ta huɗu a wata 15.

Kuskurena na farko daga bakina ya fito. Don murna na riƙa cewa iyaye, "An kawo maganin maleriya." Da damina ta kama, wata uwa ta shigo da ɗanta jikinsa kamar garwashi, gwaji ya nuna maleriya ce. Ta miƙo mini katinsa, allura uku cif. "Malama, ba ke kika ce ya rabu da ita ba?" Ashe tun lokacin ta naɗe gidan sauronta ta jefa bayan gado.

Daren nan na koma kan takardun bitar da aka yi mana. Jami'ar Oxford ce ta haɗa allurar, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2023. An gwada ta kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. Inda zazzaɓi ke zuwa da damina, irin namu, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Ragewa, ba kawarwa ba. Aikinta shi ne koya wa garkuwar jiki gane ƙwayar cutar tun sauro na zuba ta, kafin ta isa hanta ta hayayyafa. Idan ƙwaya ta kuɓuce ta shiga hanta, yaro zai iya kwanciya. Yanzu duk uwar da ta zo sai na ce mata: allura, gidan sauro, da maganin kariya daga maleriya da ake ba yara wata-wata da damina, duwatsun murhu ne, ba a cire ɗaya.

Wani dattijo ya hana a yi wa jikarsa, wai bai san abin da aka zuba ciki ba. Na ce, "Baba, sinadarin da ke zaburar da garkuwar jikin, Matrix-M, daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake tatso shi." Ya yi shiru, can ya ce, "'Yata, ashe ma sassaƙe ne." Washegari da kansa ya rako su.

Na kuma koyi faɗin zazzaɓin bayan allura tun kafin in soka. Uwar da aka gaya wa tana dawowa. Wadda ya zo mata ba zato, kishiyarta da maƙwabtanta duk sai sun ji.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne ta huɗu. Kariyar tana raguwa da tafiyar watanni, ta huɗun ce ke farfaɗo da ita. Tsakanin wata bakwai da wata 15 kuwa tafiya ce mai nisa: yaro ya fara tatata, uwa ta tafi ganin gida ko aikin shinkafa a fadama, kati ya jiƙe ko ɓera ya ci. Da yake ranar ta haɗu da allurar kyanda ta biyu, sai na daina ƙirga musu watanni, na koma cewa "ranar kyanda ta biyu." Na buɗe littafi daban, unguwa-unguwa, duk ƙarshen wata in ba ungozoma da mai unguwa sunayen waɗanda lokacinsu ya yi.

Yaron nan da ya kwanta da damina ya warke, an yi masa ta huɗu. A shafin unguwarsu saura suna biyu ban ja wa layi ba, an ce sun bi shanu sun tsallaka Nijar.