Safar Hannu da Alkawarin Abuja

Jiya na kwana a wani asibitin gwamnati ina jinyar mahaifiyata, kuma kafin a ɗaura mata ƙarin ruwa sai da na fita cikin dare na sayo sirinji, auduga, har da safar hannun da malamar jinya za ta sa. Ina riƙe da ledar na tuna malaminmu na tattalin arziki, wanda bai gajiya da zancen taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa kaiwa nan ba, alhali tun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, kuma ko katin waya na saya sai na biya shi.